Liebig da Almajiransa: Abubuwa Bakwai Masu Ban Mamaki

Da almajirai ake gane malami. A fagen ilimin sinadarai kuwa, da wuya a sami wanda ya tara 'ya'ya da jikoki kamar Bajamushen nan Justus von Liebig (1803–1873).

1. Yana ɗan shekara 21 aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Giessen, a 1824. Wani tsohon ɗakin sojoji masu gadi ya mayar ɗakin gwaje-gwaje, ya sa kowane ɗalibi ya kama kwalba da ma'auni da hannunsa, a zamanin da ɗalibi sai dai ya zauna ya kalli malam. Yau jami'ar sunansa take amsawa.

2. August Kekulé zanen gine-gine ya je karantawa Giessen. Da ya ji laccar Liebig sai ya sauya sheƙa. Shi ne a 1865 ya bayyana cewa ƙwayoyin benzin a zagaye suke kamar zobe. Daga baya ya ce gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya ga maciji ya kama wutsiyarsa da baki.

3. Wani almajirin, August Hofmann, ya koma Landan a 1845. Ɗalibinsa William Perkin, ɗan shekara 18, ya zauna a gida lokacin hutu a 1856 yana neman haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Sai ga baƙin dagwalo a gindin kwalba. Yana wankewa da barasa, ruwan ya rikiɗe shunayya. Da wannan kuskure aka buɗe kasuwar rinin zamani.

4. Liebig ya dage cewa shuka na samun isasshen naitirojin daga iska. Almajirinsa Joseph Gilbert da John Lawes suka fara gwada taki a gonar alkama ta Rothamsted a Ingila a 1843, alkama ta ƙaryata malam. Har gobe ana noma wannan gona.

5. Shunin da marinar Ƙofar Mata a Kano ke fitarwa daga baba, Adolf von Baeyer, ɗalibin Kekulé, ya haɗa irinsa a kwalba a 1880. A 1897 kamfanin BASF ya kai shi kasuwa.

6. Cikin lambobin Nobel biyar na farko a fannin sinadarai, uku ɗaliban Kekulé suka kwashe: van 't Hoff a 1901, Emil Fischer a 1902, Baeyer a 1905.

7. Dukiyar da ake rabawa fa? Ascanio Sobrero, ɗan Italiya da ya yi karatu wurin Liebig, shi ya gano ruwan naitirogilisarin a 1847, ya kuma yi ta gargaɗi kan haɗarinsa. Alfred Nobel ya sarrafa shi ya zama nakiya, ya yi kuɗi, ya bar wasiyyar kyautar. Ashe ɗa ne ya haƙa rijiyar, jikoki suka zo da guga.