Katin Bakin Teku na Mutanen Ingila da Yadda Ake Yin Sa

Daga cikin ayyukan hannu da mutanen Ingila da Amurka suke yi a gida don ɗebe kewa, akwai haɗa katin gaisuwa. Kantunansu cike suke da katuna bugun inji, amma duk da haka sai ka tarar da mutum, galibi mace, ta share maraice guda tana fama da kati ɗaya tak, domin ta aika wa ƙawa ko 'yar'uwa. Kowane lokaci na shekara da irin katinsa. Wanda za mu duba a nan shi ne na lokacin zafinsu, mai ɗauke da hoton bakin teku, wanda ake yi da hatimin roba da garin launi.

Tun kafin a yi nisa ya kamata a tsaya a kan wata kalma. Masu fassara sun saba kiran wannan lokaci nasu da sunan bazara, don rashin wadda ta fi ta dacewa. To amma bazararmu lokaci ne na gumi da neman inuwa, ana duban gabas ana jiran hadari. Tasu kuwa tana faɗawa ne a watannin Yuni da Yuli da Agusta, watau tsakiyar daminarmu, kuma ita ake ɗoki duk shekara, domin a cikinta ne sanyi yake sakin mutane, rana kuma ta daɗe ba ta faɗi ba, har a kai ƙarfe tara na dare a Landan da sauran haske. Wanda bai riƙe wannan bambanci ba zai yi ta mamakin mutanen da suke aika wa juna hoton rana da rairayi da sunan fatan alheri.

Ita kanta al'adar zuwa bakin teku hutawa ba ta daɗe ainun ba. A 1750 wani likita mai suna Richard Russell ya wallafa littafi a kan amfanin ruwan teku wajen magani, masu hali suka fara tururuwa zuwa garin Brighton don su yi wanka, wasu har su sha. Talaka bai sami shiga ba sai da jirgin ƙasa ya iso: ya kai Brighton a 1841, ya kai Blackpool a 1846. A 1871 aka yi dokar ranakun hutu, wadda ta ba ma'aikata Litinin ta farko a watan Agusta. Daga nan masaƙan Lancashire suka riƙa cika jirage da iyalansu. Wanda ya je kuwa dole ya sanar da na gida. A 1894 gidan waya na Ingila ya yarda 'yan kasuwa su buga katunansu masu hoto, a aika a kan sisin kwabo, a 1902 kuma ya yarda a raba bayan katin biyu, gefe ɗaya saƙo, gefe ɗaya adireshi, hoto ya sami fuskar gaba dukkanta. Waɗannan katuna su suka kafa hotunan da har yau ido yake gani ya ce bakin teku ne: hasumiyar fitila mai nuna wa jiragen ruwa hanya, da 'yan rumfunan katako jere masu launi iri iri, da kujerar zane mai naɗewa, da bokiti da shebur na yara, da fararen tsuntsayen teku. Mai yin kati a yau ba ta ƙirƙiro ko ɗaya daga ciki ba. Sayo su take yi a jikin hatimi.

Hatimin roba kuwa ya samu ne bayan da Charles Goodyear ya sami izinin mallakar dabararsa a 1844, ta dafa ɗanyar roba da farar wuta har ta daina narkewa da zafi ko sandarewa da sanyi. Ofisoshi da bankuna ne suka fara cin moriyarsa, kamar dai yadda muka san shi a teburin akawu. Sai wajen shekarun 1970 aka fara buga hatimai masu hotunan ado da yawa a Amurka don masu aikin hannu. Akwai na jar roba manne da katako, akwai kuma na wata roba garai-garai da ake liƙawa a jikin gilashin roba, wanda ya fi sauƙi ga ɗan koyo saboda yana ganin daidai inda hoton zai sauka.

Halin hatimi shi ne maimaitawa. In an buga shi sau ɗari, hoto ɗaya zai bayar sau ɗari. Garin launi kuwa halinsa akasin haka ne, ba ya yin abu ɗaya sau biyu. Shahararre daga cikinsa shi ne Brusho, wanda kamfanin Colourcraft yake yi a Sheffield. A cikin kwalba gari ne marar kyan gani, amma ɗigon ruwa na taɓa shi sai kowace ƙwaya ta fashe ta bazu. Wasu launukan ma gauraye ne, shi ya sa in aka jiƙa baƙin sai a ga shuɗi da ja da ruwan goro suna fita daga cikinsa, kowane ya kama hanyarsa. Gwanintar wannan aiki duka tana wajen haɗa waɗannan abubuwa biyu masu saɓanin hali a kan takarda ɗaya, kuma abin da yake sa su zauna lafiya shi ne bin tsarin aiki daki-daki, ba a gabatar da abin da ya kamata a jinkirtar.

Da takarda ake farawa, kuma takardar rubutu ba ta yi, domin ruwa zai yamutsa ta. Ana neman mai kauri irin ta masu zane da launin ruwa, mai nauyin giram 300 a murabba'in mita, a yanka ta ta ɗan gaza fuskar katin, wadda galibi santimita 10.5 ce da 14.8. A shafe ta da 'yar hoda don maiƙon yatsa kada ya kama gari inda ba a so. Sa'an nan a dangwala hatimi a wata tawada marar launi mai danƙo wadda ba ta saurin bushewa, irin su VersaMark, a ɗora shi a miƙe, a danna, a ɗaga a miƙe. In aka jijjiga shi layin zai fito biyu. Kafin tawadar ta bushe sai a barbaɗa mata wani farin gari dabam, wanda asalinsa roba ce niƙaƙƙiya, a karkaɗe ragowar a mayar cikin kwalba. Daga nan a hura masa iska mai zafi da na'urar da aka yi don haka. Na'urar busar da gashi ba ta wadatarwa, iskarta ta yi yawa, zafinta ya yi kaɗan. Ana kallo garin zai narke ya yi sheƙi ya ɗan tasa, nan take kuma a janye, domin in ya wuce haka sai ya nutse cikin takarda ya baje.

Amfanin wannan mataki ya fi ado. Layin da ya narke ba ya shan ruwa, saboda haka ya zama kamar gefen fangali da mai lambu yake ɗagawa don ya tsare ruwa a inda yake so. Duk yadda launi ya yi ambaliya, hasumiya da tsuntsu za su fito farare tas daga cikinsa. Mai son baƙin layi a maimakon fari dole ta nemi tawadar da ruwa ba ya wankewa, in ba haka ba fesawar farko za ta mai da hoton dabbare-dabbare.

Sai a zo ga teku. Masu wannan aiki ba su cika buɗe murfin kwalbar launi ba, huda shi suke yi da allura, suna ƙwanƙwasawa da yatsa, saboda abin da ake bukata bai kai rabin abin da yatsu biyu za su tsinta ba. Hanya biyu ce. In aka barbaɗa garin a busasshiyar takarda sa'an nan aka fesa ruwa daga nesa, ƙwayoyin za su fashe ɗaya ɗaya, su bar ɗige-ɗige masu kama da fantsamar igiyar ruwa. In kuwa aka fara jiƙa takardar da buroshi kafin a barbaɗa, launin zai malala a hankali ba kaifi, wannan ya fi dacewa da sararin sama. Ana liƙa salatif na takarda a gicciye don iyakar sama da ruwa ta fito a miƙe, a gama ɓangare ɗaya ya bushe ƙarau kafin a taɓa ɗayan. Shuɗin yakan fi duhu can nesa, ya riƙa haske yana kusantar gaɓa. Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne inda ruwa ya haɗu da rairayi, domin shuɗi da rawaya in suka gamu a jiƙe kore suke zama, in kuma da ruwan ƙasa a ciki sai a sami launin taɓo. Maganinsa a bar siririn fili fari tsakaninsu, ido da kansa zai ɗauke shi kumfa. Inda launi ya yi yawa a ɗora tsumma mai tsabta a tsotse, kada a goga.

Akwai gari na uku da wasu suke ƙarawa bayan kome ya bushe, mai ƙyalli kamar na kwalli, wanda ake samu daga wani dutse mai ɓarewa falle-falle. Shi ba ya narkewa a ruwa, kwanciya yake yi a bisa takarda, don haka sai da abin da zai riƙe shi. Wani irin, kamar Perfect Pearls, da danƙonsa a ciki yake zuwa. Wani kuwa, kamar Pearl Ex, sai an dama shi da ƙaro. Ƙaron nan kuwa shi ne dai wanda malamanmu suke sa wa tawadar allo, mai fita daga itacen ɗakwara, wanda Sudan da Chadi da Nijeriya suke kan gaba wajen sayar wa duniya. Shafa biyu ko uku a kan ruwan sun isa su nuna hasken rana.

A ganina katunan da suka fi kyau su ne masu ƙarancin hotuna. Ɗan koyo da ya sayi hatimai goma yakan so ya buga goman, sai teku ya rasa wurin zama. Hasumiya ɗaya a gefe da tsuntsaye biyu sun wadatar, sauran filin a bar wa launi.

In takardar ta lanƙwashe sai a danne ta da littafi mai nauyi ta kwana. Washegari a manna ta a fuskar farin kati mai ninki biyu, a buga 'yar gaisuwa a ƙasa, a rubuta saƙo a ciki da hannu. Irin wannan launi yana iya koɗewa in ya daɗe a rana, saboda haka wadda aka aika wa takan jingina katin a kan dakalin murhun falo, nesa da taga.