Kabong: Gari Ya Cika, Ina Za A Sa Jama'a?

Duk wanda ya bi ta Gada Biyu da sanyin safiya, zai ga yadda jama'a ke kwararowa daga lungunan Kabong da Hanyar Rukuba, ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan makaranta, kowa na neman abin hawan da zai kai shi cikin garin Jos. In ya ɗaga kai kuwa, sai ya hangi gidaje sun hau kan duwatsu, waɗansu kuma sun gangara har bakin rafi. Yawancinsu ginin ƙasa-ƙasa ne, ɗakuna a jere, an cushe su ba hanyar mota, ba magudanar ruwa. Abin da ya jawo mutane nan kuwa a fili yake: wurin yana kusa da gari, yana kuma bakin hanya.

Shi dai garin Jos haƙar kuza ce ta raya shi. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, na Fatakwal kuma a 1927. Turawa suka keɓe wa kansu unguwa mai manyan filaye, 'yan ƙasa kuwa aka tara su a ƙananan fuloti kusa da kasuwa. Sannu a hankali gari ya yi ta faɗaɗa har ya haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi, ciki har da Kabong.

Ba a rasa shiri a takarda ba. A 1974, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, aka kafa Hukumar Raya Birnin Jos, wato JMDB, a 1975 kuma kamfanin Doxiadis na ƙasar Girka ya zana taswirar tsarin birnin. Daga baya aka sake zana wata wadda aka nufa ta yi aiki daga 2008 zuwa 2025. Amma yawan jama'a ya riga taswira gudu. A ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa kaɗai tana da mutum 429,300.

Dalilan da suka sa gini ya kuɓuce wa hukuma suna da yawa. Dokar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun Gwamna, samun takardar mallaka kuwa yana cin kuɗi da lokaci. Saboda haka talaka yakan sayi fili wurin masu gado, ya ɗora tubali ba tare da izni ba. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 kuma sun sa mutane da yawa suka yi ƙaura zuwa unguwannin da suke ganin sun fi musu kwanciyar hankali, cunkoso ya ƙaru. Wanda bai sami wuri a ciki ba sai ya koma bayan gari, inda kuɗin mota ke cinye albashi, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023.

To, wannan matsala ba a Jos kaɗai take ba, waɗansu birane kuma sun nemo mata magani. A birnin Kuritiba na ƙasar Birazil, tun 1974 aka keɓe wa manyan motocin safa hanyarsu, aka kuma yarda a gina dogayen benaye a bakin waɗannan hanyoyi, tsawon gini yana raguwa gwargwadon nisansa daga hanya. A Okland ta ƙasar Niyu Zilan kuma, a 2016 aka sassauta doka a wajen kashi uku cikin huɗu na filayen zama, yadda fulotin gida ɗaya zai iya ɗaukar gidaje da yawa, gine-gine kuwa suka ƙaru ƙwarai. Hikimar ita ce a tara mutane inda mota take, don motar ta sami fasinja, kuma bututun ruwa ɗaya da lambatu ɗaya su wadaci iyalai masu yawa.

In za a bi wannan hanya a Kabong, sai a ba masu fili a bakin manyan hanyoyi iznin ɗora bene biyu ko uku, kantuna a ƙasa, gidajen haya a sama, a kuma sauƙaƙa musu samun takarda, su kuma su bar wurin hanya da magudana.

Sai dai Jos ta ɗanɗana haɗarin gini ba bisa ƙa'ida ba. A Yulin 2012 ambaliya ta hallaka mutane da dama a Rikkos da Gangare, inda aka yi gidaje a hanyar ruwa. Ran 12 ga Yuli, 2024, benen wata makaranta ya rufta a Busa Buji, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Bene kuwa ba ya yafe ƙarancin siminti da rodi, don haka kowane izni sai ya zo tare da injiniyan da zai duba aiki tun daga harsashi.

A 2024 Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a Umarni na 003 don hana gini ba da izni ba, aka kuma fito da motocin safa na Tin City Metro. Amma hani kaɗai ba ya samar da ɗaki. Muddin ba a nuna wa mai ƙaramin ƙarfi inda doka ta yarda ya yi gini kusa da wurin neman abincinsa ba, zai ci gaba da hawa dutse da gangarawa bakin rafi, hukuma kuma ta ci gaba da rusau.