Tulu, Daro da Tsamiyar Garkida

Wanda ya taɓa yammaci a Garkida, ko Lassa, ko Michika ranar da matan Zumunta ke koyon waƙa, da wuya ya manta da muryar tulu. Tulu ne na ƙasa, irin na ɗiban ruwa, sai dai shi ba ya zuwa rafi. Mace za ta girke shi a gabanta, ta riƙa dukan bakinsa da soso mai faɗi, ya riƙa fitar da amo mai zurfi kamar daga cikin rijiya. Wata na kaɗa gora, wata na buga ganga. Zabiya ta ɗauko baiti, sauran su amsa, kafaɗa na motsi, ƙafa na share ƙasa a hankali. Ranar taro kuwa zane iri ɗaya suke ɗaurawa, har da kallabi, ta yadda ba ka bambance matar babban ma'aikaci da mai sayar da ƙosai.

Waɗannan su ne matan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN. Yawancin mabiyanta Bura ne, da Margi, da Kibaku, da Kamwe, da maƙwabtansu na kudancin Borno da arewacin Adamawa. Kowa da yarensa a gida, amma idan an haɗu a babban taro Hausa ce ke ɗinke su. Da ita ake wa'azi, da ita ake karanta Littafi Mai Tsarki. A bakinsu ne za ka ji kalmar salama ta zauna daram, tare da ƙawarta bege, wadda a wajen Bahaushe ta fi karkata ga kewar masoyi, amma a majami'a tana nufin sa zuciya ga alkawarin Ubangiji.

Asalin abin daga gindin wata tsamiya ne. A ranar 17 ga Maris, 1923, wasu Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta farko a ƙarƙashinta a Garkida. Ɗarikar da ta aiko su ta samo tushe ne a Jamus a 1708, kuma tun can an san ta da ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwar gayya. Wannan koyarwa ta zauna shekara da shekaru a matsayin darasin ajin baftisma, abin haddacewa kafin a kai mutum ruwa a nutsar da shi sau uku. Sai a 2014 aka gane nauyinta. A watan Afrilu aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ekklesiya. Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a Agusta, Michika ta biyo baya, a ƙarshen Oktoba kuma aka mamaye Mubi da hedkwatar EYN da ke Kwarhi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. Jama'a suka watse: wasu Yola, wasu kan duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru zuwa sansanin Minawao.

Kada a ɗauka kowa ya karɓi maganar haƙuri da hannu bibbiyu. Saurayin da aka ƙone gidan ubansa yana da tambaya, kuma ba kowane fasto ke da amsar da za ta kwantar masa da rai ba. A ganina abin da ya riƙe mutanen nan ya fi zama a hannu fiye da a baki, cikin ayyukan da suka saba tun lafiya na nan.

Dubi yadda Zumuntar Mata ke yin ta'aziyya. Ba a zuwa hannu rabbana. Wata ta ɗauko mudun dawa, wata itace, wata ɗan sabulu ko gishiri. Sai su shiga gidan, wasu su nufi madafa su karɓi girki daga hannun masu makoki, wasu su zauna kan tabarma kusa da wadda aka yi wa rashi. Za a yi waƙa a tausashe, a karanta aya, a yi addu'a, sannan a yi shiru. Shirun nan ma aiki ne. Bayan baƙi sun watse, su ne masu komowa su leƙa ko an hura wuta a gidan. Da gudun hijira ya zo, wannan al'ada ba ta bukaci gini ba. Duk inda mata suka sauka, a harabar coci ko ƙarƙashin tamfol, sai ka ji an sa ranar zumunta, an zaɓi shugaba da ma'aji, an fara tara ɗan abin da ya samu don gwauraye da marayu. A 2015 ma ƙungiyar mawaƙansu ta zaga majami'un 'yan'uwansu a Amurka da wannan kiɗa.

Akwai kuma wankin ƙafa, wanda ake yi lokacin jibin Ubangiji, koyi da abin da Yesu ya yi wa almajiransa. Maza a gefe guda, mata a nasu. Ana kawo daro da ruwa da tawul, mutum ya durƙusa ya wanke ƙafar na kusa da shi, ya goge, shi ma a wanke tasa. A ƙasar da yaro ba ya miƙa wa dattijo hannu sai dattijon ya fara, ganin mai furfura a durƙushe gaban sa'an ɗansa abu ne mai girgiza zuciya. Kuma ana son mutum ya shirya da wanda suke 'yar tsama kafin ya kusanci teburin, domin ba ka san ƙafar wa za ta faɗo cikin daronka ba.

Masifar ba ta zaɓi addini ba, 'yan EYN ma sun sani. Musulmi da yawa sun mutu a hannun mahara guda, wasu kuma sun ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu. Shi ya sa a Gurku, cikin jihar Nasarawa, aka kafa matsuguni inda 'yan gudun hijira Musulmi da Kirista ke zaune tare, ga masallaci ga majami'a.

A Fabrairun 2020 mahara suka shiga Garkida kanta suka cinna wa majami'u wuta. Shekara uku bayan haka, a Maris na 2023, aka yi bikin cikar ekklesiyar shekara 100, jama'a suka sake hallara wajen tsamiyar, matan Zumunta cikin ankonsu.