Kafin a zagaya duniya a keke, a gwada manhajojin nan tsakanin Gaya da Ajingi

A 2023, Mamadou Safayou Barry ya hau keke daga ƙasar Gini ya nufi Jami'ar Azhar ta Alƙahira. Ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar, an tsare shi sau uku a hanya, yaƙin Sudan kuma ya tsayar da shi a Chadi. A jirgin sama ya ƙarasa.

Matashin Gaya ko Ajingi mai irin wannan buri zai iya rage wa kansa wahala tun daga wayarsa. OsmAnd da Organic Maps suna ba da damar sauke taswira, ta ci gaba da nuna wa mutum inda yake ko babu sabis. Google Maps kuwa ba ya tsara hanyar keke idan babu intanet.

A iOverlander matafiya ke rubuta halin da suka tarar a kan iyakoki, da wuraren samun ruwa da kwana. A Warmshowers masu keke ke saukar da juna, sai dai mambobinsa sun fi yawa a Turai da Amurka.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a kashe data, a tuƙa daga Gaya zuwa Ajingi, a ga inda taswira ta saɓa da hanya da yadda batir ke jurewa. Manhajojin biyu na farko daga OpenStreetMap suke ɗauko taswira, kuma kowa na iya gyara kuskuren da ya gani a can.