Shanu da wayar lantarki: abin da ya kamata mai kiwo a Illela ya sani

A karar Illela, inda ake haɗuwa duk Lahadi da dabbobi daga Kwanni da sauran sassan Nijar, ana yawan tambaya: shin ɗaure dabba ƙarƙashin babbar wayar wuta yana cutar da ita?

Duk wayar da wuta ke bi tana da wani ƙarfi irin na maganaɗisu a kewayenta, ido ba ya ganinsa, kuma yana raguwa sosai da zarar an matsa nesa. A 2008 masana a Jamus sun duba hotunan tauraron ɗan'adam, suka ce shanu kan miƙe jikinsu kudu da arewa idan suna kiwo ko hutawa. A 2009 suka ƙara da cewa kusa da manyan wayoyi wannan tsari yana rikicewa. Wasu masanan da suka sake dubawa ba su ga haka ba. Har yau dai ba a tabbatar cewa wannan ƙarfi kaɗai yana sa saniya ciwo ko ɓari ba.

Haɗarin da aka tabbatar shi ne wutar da ke zurarewa. Idan famfon rijiyar burtsatse, na sola ko na janareta, yana da waya a saɓule, 'yar wuta kan bi bututun ƙarfe ta shiga ruwan kwami. Kai da takalmin roba ba za ka ji komai ba. Saniya kuwa tana tsaye cikin caɓi, ga baki a ruwa, ita take ji. Sai ka ga ta zo da ƙishi ta tsaya tana shinshina, ko ta riƙa lasar ruwa kamar kare, ko ta ja da baya a firgice. Idan shan ruwa ya ragu, ci ya ragu, nono ma ya ragu. In ka ga garke yana ƙin mashaya guda amma yana sha a wata, kashe famfon ka gwada. Idan suka sha, a kira mai gyaran wuta ya duba wayoyin da kuma ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don janye wutar da ta zurare.

Da damina a ƙara kula. Idan waya ta faɗo ko aradu ta sauka, wutar tana bazuwa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙafafun saniya na gaba da na baya suna da tazara, shi ya sa wutar ke ratsa ƙirjinta fiye da yadda take yi wa mutum. A Nowe, a watan Agustan 2016, aradu ta kashe dabbobin dawa sama da 300 wuri guda.

Saboda haka kada a kafa turke ko kwami a gindin falwaya ko taransifoma, kada a rataya amya kusa da babbar waya. Wayar da ta faɗo, a kore dabbobi nesa, a sanar da ma'aikatan wuta, kada kowa ya taɓa ta ko da sanda. Shugabannin ƙungiya su sa a riƙa duba wutar mashayarsu kafin ruwan farko ya sauka.