Darmar Rumawa da awon nutirino

A ƙarƙashin tsaunin Gran Sasso na ƙasar Italiya, inda dutse mai kaurin mita 1,400 ya yi rumfa, akwai wata na'ura da ake kira CUORE. A cikinta an jera dunƙulen lu'ulu'u 988 masu ɗauke da sinadarin teluriyam, kowanne faɗinsa santimita 5, an sanyaya su har sun fi sararin samaniya sanyi. Ana jiran ɗayansu ya ɗan yi ɗumi daidai wani gwargwado, alamar cibiyar wata ƙwayar zarra ta rikiɗe ta hanyar da ba a taɓa gani ba.

Dalilin wannan jira shi ne nutirino, ƙwayar da biliyoyinta ke ratsa jikinmu kowace daƙiƙa ba mu ji ba. An tabbatar tana da nauyi, har Takaaki Kajita da Arthur McDonald suka ci kyautar Nobel a 2015 a kan haka. Amma nawa ne nauyin? Ba ta tsayawa balle a ɗora ta a sikeli.

Sai aka biyo ta bayan gida. Wasu cibiyoyin zarra kan rikiɗe su fitar da ilektiron biyu da kishiyoyin nutirino biyu. A 1937 Ettore Majorana ya kawo tunanin cewa wataƙila nutirino ita ce kishiyar kanta. In haka ne, wani lokaci ilektiron biyun za su fito su kaɗai, kuma iya nauyin nutirino, iya yawan aukuwar abin. Saboda haka duk shekarar da ta wuce shiru, iyakar nauyin na ƙara matsewa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne garkuwar darma ta CUORE. Sabuwar darma tana fitar da ɗan tururin nukiliya da zai rikita awon. Sai aka nemo darmar wani jirgin ruwan Rumawa da ya nutse kusa da tsibirin Sardiniya sama da shekara 2,000 da suka wuce, wadda tururinta ya daɗe da mutuwa. Fataken da suka yi lodinta ba su san inda kayansu za su sauka ba.

A Japan kuwa, gwajin KamLAND-Zen na mahaƙar Kamioka da iskar zinon ya yi aiki. Sakamakonsa na 2022 ya nuna kafin rabin zinon ya rikiɗe ba tare da fitar da nutirino ba sai an haura shekaru 2 da sifili 26 a baya, alhali sararin samaniya kansa shekara biliyan 13.8 gare shi. Ma'anarsa nutirino ta fi ilektiron rashin nauyi sau fiye da miliyan 3.

Sai dai wannan iyaka tana tsaye ne kawai in Majorana ya yi daidai. Shi ya sa nake girmama gwajin KATRIN na Karlsruhe a Jamus, wanda bai jingina da wannan sharaɗi ba. A 2025 ya sanar cewa nauyin bai kai 0.45 ba a ma'aunin ilektiron-bolt, ilektiron kuwa 511,000 gare ta.