Idan Birni Ya Iso Bakin Gona: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Benaye a Gefen Gari

Mutumin Matsinkai ko Tsamiya ko Kaoje na iya cewa zancen dogayen benaye ba nasa ba ne, tunda a ƙasar Bagudo fili bai ƙare ba, kuma wanda ke son ƙarin ɗaki sai dai ya matsar da katanga. Amma a bi sawun kuɗin shinkafa da albasa da shanu da na fataucin kan iyaka a ga inda suke ƙarewa. Da yawansu fuloti ake saya da su a gefen Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kano. 'Ya'yanmu da ke karatu ko neman kuɗi a birane su ne ke kama hayar ɗaki a hawa na biyu da na uku. Magina da leburorin da ke hawa da kwanon kankare a ka, su ma 'yan ƙauye ne. Saboda haka maganar ta shafe mu, ko da benen bai iso ƙofar gidanmu ba tukuna.

Biranen ƙasar Hausa a kwance suke girma, ba a tsaye ba. Kano ce babbar shaida. Garin da a da badala ta kewaye shi, har da gonaki a cikinta, yau ya mamaye ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso. A ƙidayar 2006 waɗannan takwas ɗin sun tara mutum kimanin miliyan 2.8, kuma tun a lokacin Ungogo, wadda ake ɗauka a matsayin bayan gari, ta kamo ƙaramar hukumar Birni da Kewaye a yawan jama'a. Rijiyar Zaki, Dorayi, Sheka, Mariri, Bachirawa, duk akwai dattawan da suka san su da gero da dawa a tsaye. An taɓa zana wa Kano tsarin ci gaba na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, amma jama'a sun fi tsarin sauri, suka wuce shi.

Hanyar da mafi yawan wannan girma ya bi ita ce Kanawa ke kira awon igiya. Mai gona ya ga gine-gine sun matso, sai ya kira dillali. A zo da igiya da turaku, a yanka gonar gunduwa-gunduwa, a bar ɗan siririn lungu a tsakani, a rubuta takardar ciniki da shaidu, mai unguwa ya sa hannu. Kowane taku da aka bari don hanya asara ce a idon mai sayarwa, don haka ba a barin wurin makaranta ko asibiti ko maƙabarta, balle magudanar ruwa. Bayan shekara goma unguwa ta cika, sai a tarar motar kashe gobara ba ta iya shiga, gawa ma da ƙyar ake juya makara a wata kwana. Ba na zargin talakan da ya sayi irin wannan fili. Fulotin gwamnati bai isa ba, kuma wanda aka fitar ba kasafai yake zuwa hannunsa ba. Ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai.

Birnin Kebbi tana kan wannan hanya, sai dai ba ta yi nisa irin na Kano ba. Daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiri jihar Kebbi, ma'aikata suka dawo daga Sakkwato, garin ya fara buɗewa ta Gesse da Gwadangaji da Badariya da Bayan Kara. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ta ja gine-gine zuwa hanyar Kalgo, filin jirgin sama kuma ya ja su ta wajen Ambursa. Duk inda kwalta ta bi, farashin gona yakan tashi kafin a aza bulo ɗaya.

Wannan girman kwance yana da tsada, ko da ba a ganinta a ranar ciniki. Yana cinye gonakin da suka fi kusa da kasuwa, waɗanda ke kawo wa gari ganye da tumatir. Yana tura mutane su yi gini a fadama da hanyar ruwa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 a jihar Kebbi ya san ruwa ba ya manta hanyarsa. Kowace sabuwar unguwa tana bukatar ƙarin bututu da waya da kwalta, gwamnati kuwa ba ta gama da tsofaffin ba. Ma'aikaci yakan samu haya mai sauƙi a bayan gari, sannan kuɗin mota ya cinye rarar. Mazauna Mararaba da Nyanya da ke sammakon shiga Abuja kullum sun san wannan lissafi.

A nan ne bene yake da hujja mai ƙarfi. Filin da iyali ɗaya ke zaune a kai, in aka yi masa hawa huɗu da sashe biyu a kowane hawa, iyali takwas zai ɗauka. Fili bakwai ke nan da aka bar wa manomi, kuma bututu ɗaya ya shayar da gida takwas. Legas ta gwada wannan tun zamanin Gwamna Lateef Jakande, 1979 zuwa 1983, da rukunin benaye masu sauƙin kuɗi a unguwannin gefe irin su Isolo da Amuwo-Odofin, kuma har yau mutane na ciki. Maƙwabtanmu na Benin ma sun shiga. Fataken da ke zuwa Kwatano sun san garin ya matse tsakanin teku da tafki, shi ya sa jama'a suka kwarara zuwa Abomey-Calavi, wadda yawan mutanenta ya ninka tsakanin ƙidayar 2002 da ta 2013 har ya haura 650,000, ya kusa kamo Kwatano kanta. A can, a wani wuri da ake kira Ouèdo, gwamnatin Patrice Talon ta ɗauko aikin gidaje fiye da 10,000, da yawansu a jerin benaye, cikin shirinta na gidaje 20,000 a faɗin ƙasar.

Sai dai gini kaɗai ba ya zama unguwa. A Kano, tsakanin 2011 da 2015, an gina rukunin Kwankwasiyya da Amana a hanyar Zariya da Bandirawo a hanyar Katsina, da tituna masu faɗi da tsari mai kyau, amma gidaje da dama sun daɗe a rufe, saboda farashinsu ya fi ƙarfin masu bukatar muhalli, kuma sun yi nisa da inda ake neman abinci. Mai son sayen gida a sabon rukuni ya fara tambayar ina kasuwa, ina makarantar yara, nawa ne kuɗin mota zuwa wurin aiki, kafin ya kalli fenti.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar bene kamar gidan ƙasa ne da aka ɗora wa wani a kai. Ba haka ba ne. Gidan ƙasa yana yafe kuskure. In bango ya tsage a yi yaɓe. Bene ba ya yafewa. Nauyin kowane hawa yana sauka ta ginshiƙai zuwa tushe, tushe kuma ya miƙa shi ga ƙasa, saboda haka dole a gwada ƙasar kafin a tona. Ƙasar tudu mai tsakuwa daban, laka ta fadama mai kumbura da damina ta tsage da rani daban, kududdufin da aka cike da shara kuma ba ya ɗaukar nauyi ko da ya bushe a ido. Injiniya ne ke lissafa kaurin rodi da yawansa da tazararsa. Da zarar an zuba kankare, rodin ya ɓuya har abada, babu mai sake ganin ko an rage shi. Wannan ita ce ranar da ya kamata mai gini ya tsaya da ƙafarsa a wurin, shi da injiniyan, su ƙirga kafin a zuba.

Kankare kuma yana da lokacinsa. Yakan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma a kwanakin farko sai ana jiƙa shi da ruwa, musamman a zafinmu da iskar hunturu mai busar da komai. Mai gaggawar cire katakon tallafi don ya hau mataki na gaba yana wasa da rayuka. Haka mai ƙara yashi don buhun siminti ya yi auki. Muna da kamfanin siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, amma tsadar buhu ta sa wasu masu buga bulo na fitar da abin da za ka murƙushe da hannu. Gwaji mai sauƙi ne: ɗaga bulo zuwa ƙirji ka sake shi a ƙasa mai tauri, in ya watse gari, kada ka saya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙarin hawa. Mutum ya yi tushen hawa ɗaya, kasuwa ta yi kyau, sai ya ce a ɗora biyu. A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu. A ƙarshen Agusta 2022 wani mai hawa uku ya faɗi a titin Beirut a Kano, tsakiyar kasuwar waya. A Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta wa ɗalibai a Jos, aka rasa 22. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke alhakin wanda ya rage rodi ba. Injiniya na gaske yana da rajista da hukumar COREN da hatiminsa, kuma neman ganin wannan ba rashin kunya ba ne.

Sai ruwa da wuta. A gidan ƙasa in famfo ya ƙafe, mai ga-ruwa ya turo kura har tsakar gida. A hawa na huɗu sai an hau da jarka, kuma yawanci mata da yara ne ke wannan hawa. Dole ke nan a samu burtsatse da injin tura ruwa sama da tanki, tankin lita 1,000 kuwa tan ɗaya ne cur in ya cika, dole a sa shi cikin lissafin rufin tun farko. Iyali takwas a fili ɗaya na nufin masai takwas na zuba a rami ɗaya, kuma in ramin yana kusa da burtsatse, cuta ce ake sha. Ginin da ya wuce hawa huɗu yana son na'urar hawa, ita kuma tana son wutar da ba ta yankewa. Shi ya sa a ganina, a halin da lantarkinmu ke ciki, hawa uku zuwa huɗu ya fi dacewa da gefen biranenmu fiye da dogayen da ake gani a hotunan Dubai. Kuma a duba matakala: in guda ɗaya ce tal, ga tagogi duk an toshe da ƙarfe, gobara ta tashi a ƙasa, na sama ba su da mafita.

Akwai kuma abin da masu zanen gini da suka kwafo tsari daga waje kan manta, wato sutura. Gidan Bahaushe a buɗe yake ta sama, a tsakar gida mata ke girki da wanki da shan iska. Bene ɗaya da taga mai kallon maƙwabta na iya tsirara gida biyar. Malaman Malikiyya sun daɗe da hana buɗe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ci karo da wannan hukunci. Maganinsa ba wuya: a ɗaga tagar sama da tsayin mutum, a sa gilashi mai duhu, a juya baranda ta kalli titi. Sannan a bar fili a ƙasa inda za a yi daka, a shanya kaya, a ɗaure ragon layya, a shimfiɗa tabarmar suna ko ta'aziyya. Benen da ba shi da wannan, mutanenmu za su zauna cikinsa a takure.

Game da takarda, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Shi ke ba da takardar mallaka a yankin da aka ayyana a matsayin birni, yawanci ta shekara 99, ƙaramar hukuma kuma ta ba da ta gargajiya a karkara. Takardar ciniki da hannun mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba izinin gini ba ce. Izini yana wurin hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KUDA a Kebbi. Rusau ɗin da aka yi a Kano a Yuni 2023, a tsohon otel ɗin Daula da shagunan filin Idi, ya nuna cewa filin da asalinsa na jama'a ne yana iya zama rigima ko da mai shi na riƙe da takarda. Mai sayen sashe ɗaya a cikin bene kuma ya nemi a rubuta masa ƙarara: wa ke da ƙasar, wa ke gyaran rufi da injin ruwa, kuma yaya magada za su raba in ya rasu, tunda hawa na uku ba ya yankuwa da igiya.

Shi kuwa manomin da gari ya matso gonarsa, ya san cewa in gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine, ba ta darajar da ƙasar za ta yi gobe ba. Wannan ne ya sa a Kano aka san tsarin kashi mu raba, inda ake yanka gona bisa tsari a bai wa mai ita rabonsa na fulotai. In irin wannan dama ta zo, ko dillali ya zo da tayin sayen gonar ɗungurungum, a tara magada duka, mata da maza, a tabbatar da iyakoki, a sa mai awo mai rajista ya zana filin, sannan a yi magana kan farashi. Kuma kada a sayar da duka a shekara ɗaya, a riƙe fulotan da ke bakin hanya.